Zarton Baba da Masu Sallama

Da Baba ya ajiye aikin malamin gona, mun ɗauka hutu ya samu. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babur, yau Alelu, gobe Karaye, jibi cikin fadamun albasa na Aliero, muka ce to, yanzu sai ya miƙe ƙafa ya sha furarsa. Ashe ba mu san shi ba. Damina guda ya yi a zaune a zaurenmu na Jega, rediyo a gefe, carbi a hannu, sai muka ga wuyan rigarsa yana yi masa yawa. Babu zazzaɓi, babu tari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, don haka na auna jininsa, na auna suga, na ja shi har gaban likita, aka ce lafiyarsa ƙalau. Inna ce ta gano cutar tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Ubanku ba shi iya zama. Ku samo mishi abin yi tun ba ku samo mishi likkahwani ba." Inna ba ta san kwana-kwana a magana ba, kuma an ce ni na gado ta.

Abin yin da ƙafarsa ya zo. Ƙyauren madafi ya ɓalle, aka aika wa kafinta, ya ce gobe, goben nan ta ƙi zuwa. Baba ya fusata, ya aro zarto da guduma a maƙwabta, ya wuni yana fama. Ƙyauren da ya gyara har yau ba ya rufuwa sai an ɗaga shi da ƙafa, amma ranar ya cinye tuwonsa tas ya nemi ƙari. Inna ta dube ni ta gefen ido, ta ƙara masa miya.

Kafin a jima ya sayi zartonsa da abin goge katako na hannu. Ya hau tsohon babur ɗinsa ya je wurin wani maƙeri da ya sani a Jiga Makera, aka ƙera masa kurfi manya da ƙanana daga tsohon ƙarfen mota, wato ƙarafan nan masu kaifin baki da ake fafe katako da su. Kowace safiya sai ya wasa su a dutse kafin ya karya kumallo, yana cewa dakusasshen ƙarfe shi ke yankan mutum, don sai ka danna da ƙarfi, ya zame ya same ka. Wayar da na saya masa don ya riƙa ganin hotunan jikoki ta koma makaranta. Ya gano wasu tsofaffi na can wata duniya da suke haɗa katako babu ƙusa ko ɗaya, ya liƙe musu. Ba ya jin harshensu, bai kuma damu ba. Hannuwansu yake kallo, ya tsayar, ya mayar baya, ya sake kallo. Ba don sayarwa yake yi ba. In ka taya abin da ya haɗa sai ya ɓata rai. In ka yaba, kafin ka isa gida an biyo ka da shi. Haka kujeru da akwatuna da 'yan tebura suka watsu a unguwarmu, wasu a miƙe, wasu kuma sai an sa musu dutse a ƙafa ɗaya.

Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarama "ke" ce, da na fara aikin asibiti na zama Likita, ko da yake ya fi kowa sanin ban kai nan ba. In na biyo ta gida bayan na tashi daga aiki, sai ya tare ni a zaure da fararen kayana, ya ce in matso in gani, ba ruwansa da garin katakon da zai bi ni. Ga yadda aikin yake. Zai fere ƙarshen wannan katako ya fitar masa da harshe, ya fafe rami a jikin wancan daidai kaurin harshen, ya shafa gam, ya riƙa bugawa a hankali da gudumar icce har su haɗe. In harshen ya faɗa ramin da sauƙi, aiki ya ɓaci, an yi asarar katako. In ya ƙi shiga, sai a ƙara fere shi kaɗan-kaɗan, siririn ɓawo kamar na albasa, a gwada, a sake ferewa. Yakan wuni a kan haɗi guda, kuma a ranar ba za ka ga mutumin da ya fi shi nishaɗi a Jega ba.

"Likita, ƙusa mi ta sani?" in ji shi. "Tilasta ma icce taka yi, shi kau icce ba shi mantuwa, wata rana sai ya tohar da ita. Wanga haɗi yarda ta. Wanga ya ba da wuri, wanga ya shiga."

Na ce, "To, Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Bencinsa na farko ya koya masa abin da tsofaffin cikin waya ba su nuna ba. Da katakon damina ya yi shi, sabon saukewa daga motocin kudu, da nauyin ruwa a jikinsa. Benci ya yi kyau, ya tsaya ƙyam. Da bazara ta kama, zafin garinmu ya tsotse ruwan, harsunan suka tsuke a cikin ramukansu, benci ya fara rangaji, wata la'asar ya zubar da mai shi a gaban baƙi. Inna ta yi dariya har da hawaye, bayan ta tabbatar ƙugunsa bai goce ba. Daga nan ya kafa rumfa a bayan gida, ya jera katako da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, yadda ya yi shekaru yana koya wa manoma adana albasa. Ba ya taɓa katako sai ya ga bazara a rumfar nan. Ya kuma koyi wata dabara da yake ji da ita ƙwarai. Zai huda rami ya ratsa haɗin, amma hudar da ke jikin harshen sai ya ɗan gusar da ita ciki, kaɗan ainun, ta yadda in ya buga tsinken icce mai kauri a ciki, tsinken zai jawo harshen ya matse shi, ko bazara goma aka yi ba zai motsa ba. Tsinkayen nan na ƙirya ne, icce mai taurin kai, kuma Bappa ne yake kawo masa ita daga Karaye.

Bappa yayan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar kakanmu, shi ya kai shi makaranta a kan jaki yana kuka. Manomi ne mai 'yan shanunsa, dogo, da murya irin ta wanda ya saba kiran dabba daga ƙetaren gulbi. Baba da furfurarsa da jikokinsa, in Bappa ya shigo sai ya miƙe tsaye, ba ya zama sai ya zauna, ba ya sa hannu a kwano sai ya sa. Muna yara abin yakan ba mu dariya, mu ga mutumin da muke tsoro shi ma yana da nasa. Duk ranar kasuwar Jega Bappa yana zuwa, kuma a zaurenmu yake sauka.

Zauren nan shi ne wurin aikin, ga shi a bakin hanyar kasuwa. Na sha cewa a mayar da kayan cikin gida, Baba ya ce shi ba amarya ba ne da za a ɓoye shi. Gaskiyar magana, rabin daɗin aikin mutane ne. Duk manomin da ya taɓa ba shawara a kan taki ko tsutsa, in ya shigo gari sai ya biyo. Baba kuwa ba ya amsa sallama da baki kaɗai. Zai ɗaga kai ya ga mai ita, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya miƙa hannu, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi shanu, ya tambayi wata tsohuwa da ta rasu tun bara ya yi sabuwar ta'aziyya. Haka aka tarbiyyantar da shi, haka ya tarbiyyantar da mu. A gidanmu ka ji sallama ka yi shiru, laifi ne da ake duka a kansa. Da zarton hannu wannan ba wani abu ba ne, domin da ka ɗaga kai zarto ya tsaya.

Ƙannena maza da ke aiki a birni su suka jawo mana. Sun zo hutun salla, suka ga tsoho yana haɗa gumi wajen tsaga katakon maɗaci, tausayi ya kama su, suka aiko masa da injin zarto, irin mai tebur, faifan ƙarfe mai haƙora yana leƙowa ta tsakiya. Ni da nake wanke hannuwan kafintoci da masu injin niƙa a asibiti, ban yi murna ba, kuma ban ɓoye ba. Na kafa dokoki. Ba a aiki da babbar riga, ko an naɗe ta a kafaɗa. Na sa aka ɗinka masa 'yar shara mai gajeren hannu. Na sayo tabarau na kare ido. Na sa ya fere sandar tura katako, don hannu ya yi nesa da haƙoran. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, a kashe makunni nan take, kada a dawo da ita inji ya tashi da kansa hannun mutum na kai. Duk ya bi, har yana nuna wa baƙi sandar yana cewa umarnin Likita ne. Na hango riga, na hango ido, na hango wuta. Sallama ce ban hango ba.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. An kawo wuta bayan an kwana biyu babu, kuma duk wanda ya zauna a garinmu ya san irin saurin da mutum yake yi in an kawo ta, tunda ba a san lokacin tafiyarta ba. Baba yana tsaga katakon gadon da ya yi wa Inna alkawari. Ya riga ya gama ƙafafun da ramukansu, saura dogayen katakan gefe. Bappa ya iso da damin ƙirya a kafaɗa, ya tsaya a ƙofa, ya ɗaga muryar nan tasa don ta rinjayi ƙarar inji, ya yi sallama. Baba ya ji muryar yayansa. Ya ɗaga kai, ya saki sandar turi ya ɗaga hannun dama, na hagu kuwa ya ci gaba da abin da yake yi.

Ina bakin aiki aka shigo da su. Su biyu a bayan babur ɗaya, Bappa ya naɗe hannun da rawaninsa ya riƙe shi sama, kansa a buɗe, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Zarton ya ɗauke rabin yatsan nuni na hagu da kan na tsakiya. Na wanke raunuka ba adadi, amma ranar dole wata abokiyar aikina ta karɓe ni. Baba kuwa, fuska ta yi fari fat, yana cewa, "Alhamdu lillahi, hagu ta. Ina iya gaisawa da mutane, ina iya cin tuwo." Ji nake kamar in rufe shi da faɗa, ji nake kamar in rungume shi. Jama'a suka hana na farko, kunya ta hana na biyu.

Bappa ya ja ni gefe. Ya ciro ƙyalle daga aljihu, ya buɗe shi, ga guntun yatsan a ciki da garin katako a jikinsa. Ya ce, "Ɗiyata, in nan ba su iyawa, mu kai shi Aliero. Can suna ɗora komi." Na ce masa masu ɗorin Aliero ƙashin da ya karye suke haɗawa, wannan kuwa ya riga ya rabu da jiki. Ya daɗe yana kallon ƙyallen. Shi ya binne shi da yamma a bayan gida, ya koma Karaye ko ruwa bai sha ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Washegari na tattara kurfi da zarto da guduma na zuba a ɗakin da ke jikin zaure, na sa aka tura injin ciki, na sa kwaɗo, na jefa makulli a jakata. Ƙannena suka goya mini baya ta waya, da saurin masu jin sun yi laifi. Baba yana zaune da hannu a naɗe yana kallo. Da na gama ya ce, "Sannu da aiki, Likita." Har yau ina ganin abin da na yi daidai ne, kuma duk 'yar da ta taɓa ganin guntun yatsan ubanta a ƙyalle ta zo ta gaya mini in ba haka za ta yi ba.

Rauni ya warke sarai, mutumin ne bai warke ba. Rediyo ya dawo gefen tabarma, tuwo yana komawa cikin gida yadda ya fito. Ƙafafun gadon Inna suna jingine a lungun zaure, ramukansu a buɗe, zanzaro har ya fara gini a ɗaya. Wani lokaci in na shigo sai in tarar yana shafa su da hannun nan mai guntu, in ya gan ni ya janye kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Bai taɓa tambayata makulli ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo a kan ya tambaya. Abin da ya fi ci masa rai, Bappa ya ɗauke ƙafa. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, sai saƙon gaisuwa da ƙwaryar nono a hannun masu mota. Baba ya je Karaye da kansa, ya dawo ya ce yayansa ya ƙi haɗa ido da shi, hannun kawai yake kallo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na tsare masa sauran yatsu, ga shi mutum ɗungurungum yana zubewa a gabana, kuma tsoro ya kama ni fiye da na ranar asibiti.

Inna ta kira ni ɗaki. Ta ce, "Ke, mutum na rayuwa da guntun yatsa. Wanda anka ɗaure shi na ba shi rayuwa. Ki ba shi makullinai."

Na ce in na ba shi, gobe wani ya sake yin sallama fa?

Ta ce, "Wannan shi za ki tambaya, ba ni ba. Ni dai gadona nika jira."

Na same shi bayan la'asar. Na zauna a ƙasa a gefen tabarmarsa, na ce zan buɗe ɗaki, kayan hannu duka nasa ne, amma inji sai an sayar. Ya ce ƙarfinsa bai kai tsaga maɗaci da hannu ba yanzu, ga hagu ba ta riƙo sosai. In babu inji, sai dai ya zauna ya yi ta fere muciya. Na ce to a mayar da inji cikin gida. Ya girgiza kai. Na ce to, in inji na aiki, ko wa ya yi sallama kada ya ɗaga kai, sai ya kai katako ƙarshe, ya kashe, faifan ya tsaya cik. Na ƙara da cewa na tambayi limamin unguwa, ya ce babu laifi mutum ya jinkirta amsa in akwai haɗari.

Baba ya yi murmushi, na farko tun da na sa kwaɗon nan. "Likita, wanga hukunci na san shi tun ba a haihe ki ba. Kaina ya sani. Wuyana na bai yi karatu ba."

Na ce to wuya zai shiga makaranta. Haka kuwa aka yi. Na buɗe ɗaki, amma na sa aka kwance faifan zarton na tafi da shi gidana. Ya riƙa tura katako a kan tebur babu faifai, inji na kuka, ni kuma in fita in zagayo in yi sallama. Na yi, ya ɗaga kai. Na sake yi, ya ɗaga kai. Inna ta gwada daga cikin gida, ya ɗaga kai har da "Na'am". Muka yi ta yi duk ranar da ba ni da aiki, tsoho da 'yarsa mai 'ya'ya suna wasan yara a zaure, masu wucewa suna leƙe suna tunanin ko ciwon ya taɓa kai. A hankali wuya ya fara ɗaukar karatu. Za ka ga sallamar ta doke shi a kafaɗa, ya ɗan ƙame, amma ido yana kan katako.

Na kuma bi maƙwabta da abokansa gida-gida na roƙe su. Na ce in kun ji inji, ku ɗauka salla yake yi. Ku shigo ku zauna, in ya idar ya gaishe ku. Wannan suka gane nan da nan, don kowa ya san yadda ake jiran mai salla. Na aika da saƙon har ƙauyuka ta bakin masu mota. Sannan na mayar da faifai, da sharaɗin ba a kunna shi sai ina nan. Aka yi makonni lafiya. Sai ka shigo zaure ka tarar da dattawa a jere a benci, shiru, hannuwa a gwiwa, suna kallon ɗan'uwansu yana tsaga katako, in faifai ya tsaya gaisuwa ta ɓarke gaba ɗaya. Tuwo ya daina dawowa. Amma ni hankalina bai kwanta ba, don na san sallamata da ta maƙwabta ba su ne jarrabawa ba. Na gaya masa a fili cewa ranar da na ga ya ɗaga kai faifai na juyawa, ranar injin zai bar gidan nan, kuma ba zan saurari kowa ba, har Inna. Ya ce ya yarda.

Wata ranar kasuwa ya ɗauko dogon katakon gefen gado na ƙarshe. Zaure babu kowa sai mu biyu. Ina tsaye daga ciki, jikin bango, inda nake ganin hannuwansa nake kuma ganin ƙofa. Ya sa tabarau, ya gyara 'yar shara, ya yi bismilla, ya kunna. Katako ya shiga kamar kamu ɗaya, sai ƙofar ta yi duhu. Bappa ne, ya rame, da sabon rawani, da sanda a hannu. Na san saƙona ya isa gare shi, don mai motar Karaye ya ce mini a kunnensa ya faɗa. Na ɗaga hannu ina yi masa alama ya shigo ya zauna. Ya dube ni sarai, ya kau da kai, ya cika ƙirji, ya yi sallama da ƙarfinsa duka.

Ba ni da halin yin magana, don muryata ma wani abin ɗaga kai ce. Kafaɗun Baba suka tashi har kunnuwa. Katakon ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

Bappa ya sake yi. A raina na zagi tsohon nan zagin da ban taɓa yi wa babba ba, Allah ya yafe mini. Ina kallon gefen fuskar Baba, jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi yana bin bayan kunnensa, leɓɓansa na motsi. Amsawa yake yi a ciki, ido a kan haƙoran zarto, sandar turi a dama, guntuwar hagu can nesa inda na koya mata.

Bappa ya yi ta uku. Kowa ya san ƙa'ida, in ka yi sallama sau uku ba a amsa ba, sai ka juya, ba a son ganinka. Ya juya, ƙofar ta yi haske. Saura kamar kamu biyu a katakon, kuma ban taɓa ganin katako mai tsawonsa ba. Baba ya ci gaba da tura shi a hankali, bai ƙara sauri ba, har ya fita ta baya ya rabu biyu. Ya kashe makunni. Ya tsaya yana kallon faifai yana rage gudu, yana rage gudu, har haƙoransa suka fito ɗaya-ɗaya ya tsaya. Sannan ya yar da sanda ya fita a guje, ba takalmi, tabarau a fuska, garin katako a gemu. Rabon da in ga Baba yana gudu tun ina firamare.

Bai yi nisa ba. Bappa yana nan a jikin katangarmu, dab da ƙofa, ya zauna a ƙasa, sanda a yashe. Baba ya zube a gabansa yana jero amsar sallama da ban haƙuri. "Yaya, ka yi mani gahwara. Yaya, na ji ka, wallahi na ji ka."

"Ka ji ni?" in ji Bappa.

"Na ji, Yaya. Duka ukkun."

"Kuma ba ka ɗaga ba."

"Ban ɗaga ba."

Bappa ya kamo hannun hagun nan da hannu biyu, ya juya shi, ya taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, har guntayen. Sannan ya dubi ƙanensa a ido. Ya ce, "Tun Karaye nika roƙon Allah kak ka amsa mani. Tun kana yaro in na yi magana sai ka tashi. Na ce in ka iya ƙyale ni, babu wanda ba ka iya ƙyalewa." Ya share fuska da bakin rawani, ya waiwayo gare ni ina tsaye a ƙofa, zagin bai gama sauka daga maƙogwarona ba. "Ɗiyata, ki bar mishi injinai."

Na ce, "To, Bappa." Na bar su a nan ƙasa a bakin hanyar kasuwa, hannun ɗaya a cikin na ɗaya, na koma zaure, na zare wayar injin daga bango, na zauna a kan benci na yi kuka har na gaji.